Hutun Da Aka Yi Wa Parjilah

Ba a ko kai rabin tafiyar ba ƙafafun Parjilah suka fara yi mata gardama. Cinyoyi suka yi nauyi, sharaɓa ta ɗauki zafi, numfashi ya koma fita da ƙara har ita kanta tana jin sa. Ba gudu aka ce su yi ba. Tafiya ce kawai, a zagaya filin ƙwallon da ke bayan asibitin unguwa. Maniyyata aikin hajji ne maza da mata, kowa da lamba manne a ƙirji, ma'aikatan asibiti na tsaye da agogo suna duba wanda jikinsa zai iya ɗawafi da Safa da Marwa. Wanda likita bai sa wa hannu ba, ba shi ba shiga jirgi bana.

Wai ita Parjilah za a gwada da tafiya. Matar da tun tana budurwa take goyon kaya a babbar kasuwar Yogyakarta, ta ɗaure kwandon gora a baya da zani, ta hau bene da albasa ta sauko da sukarin kwakwa, tun asuba har la'asar, shekara fiye da arba'in. Ranar da aka gaya mata za a yi gwajin, dariya ta yi har da riƙe ciki. Yau ga ta tana jan silifas kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya.

"Sannu, Yu Par. A hankali dai." Yu Par, wato Yaya Parjilah, haka ake kiranta a kasuwa.

Bu Sumarsih ce ta zo wucewa, mai rumfar atamfar batik, mace mai jiki wadda a da ko ƙunshin yadi ba ta iya kaiwa bakin titi sai ta aika a kira Parjilah. Tana tafe tana wurga hannuwa cikin farin takalmin roba, gumi na zuba, amma numfashinta lafiya lau. Watanni ke nan tana bin ƙungiyar maniyyatan da ke fita tattaki kowace safiya bayan sallah. Ta wuce, ta zagayo, ta sake wucewa. A karo na biyun ko sannu ba ta yi ba, don kar ta ba ta kunya, kuma wannan shirun ya fi gaisuwar ciwo.

Parjilah ta ciji leɓe ta ƙara sauri. Gwiwar hagu ta ce ba da ita ba. Ba faɗuwa ta yi ba, ta dai tsinci kanta zaune a ciyawa mai raɓa, filin yana juyawa a hankali, zuciya na dukan haƙarƙari. Daga can gefe ta hango ɗanta Gunadi ya yanko tsakiyar fili da gudu, cikin kakin ofis, lema a hannu ɗaya, gorar ruwa a ɗayan, yana kiran "Mbok," wato Inna.

"Mbok, ya isa haka. Kama ni ki tashi."

"Kar ka taɓa ni."

"Mbok, ki sha ruwa mana."

"Na ce kar ka taɓa ni, Gunadi."

Wata shida ke nan da sunanta ya fito, bayan jiran layi na shekara goma da ɗoriya. Ranar Gunadi bai jira an tashi daga ofishin gunduma ba. Da mota ya zo kasuwa, ya kwance mata zani da hannunsa a gaban sauran mata, ya ce daga yau an gama. Baƙuwar Allah ba ta goyon albasa. Lissafinsa mai sauƙi ne, irin wanda kowa a layinsu ya gyaɗa wa kai: ƙarfi kamar shinkafa ce a rumbu, in tafiya mai nisa na gaba sai a daina ɗiba, a ajiye. Matarsa Lastri ta fitar da kujera mai laushi baranda. Da safe shayi mai zaƙi da soyayyiyar ayaba, da rana shinkafa da kaza, da yamma maƙwabta su yi ta sintiri da kayan zaƙi, kowa na roƙon a tuna da sunansa a gaban Ka'aba. Tsintsiya ma ɓoye ta aka yi. Masallacin da ke ƙarshen layi a babur ake kai ta. Da 'yan ƙungiyar tattaki suka zo gayyatarta, Gunadi ya tare su a ƙofa da fara'a ya ce, "Masu neman ƙarfi ne ke wannan yawo. Mbok ta riga ta tara nata."

Abin da ya fi ci mata rai yanzu, tana zaune a ciyawa, shi ne ta ji daɗin abin. Makon farko ta yi mita, na biyu ta rage, na uku ita ke tambayar ina shayi. Bayanta ya daina ciwo, kafaɗa ta yi laushi, kowa ya ce ta yi kyau. An yi mata gyaran gangar Auzinawa, ita kuma tana zaune tana sa albarka.

Likitar yarinya ce, sunanta Ratri, sa'ar Lastri ko ma ba ta kai ba. Ta auna jini, ta saurari ƙirji, ta matsa cinyar Parjilah da yatsu ta cikin zani kamar mai zaɓen mangwaro.

"Mbah, me kike yi da safe?" ta tambaya, tana kiranta kaka da yarensu.

"Zama."

"Da rana fa?"

"Zama. Da yamma sai a juya mini kujerar saboda rana."

Gunadi ya gyara murya daga inda yake tsaye. "Hutu muke ba ta, likita. Ta wahala da yawa. Muna tara mata ƙarfi ne don can."

Likita Ratri ta ajiye biro ta dube shi, irin duban da ake yi wa wanda ya zuba gishiri a shayi da kyakkyawar niyya.

"Pak Gunadi, jiki ba ya ajiya. Abin da ake mora shi yake ciyarwa. Mai hawan bene kullum, naman cinyarsa yana yin kauri, zuciyarsa ta koyi tura jini mai yawa ba tare da ta yi ta bugawa ba, numfashinsa ya zauna. Ranar da ya daina, jiki ya ga ba a buƙata, sai ya fara janye abinsa. A jikin tsoho kuwa janyewar ta fi sauri, dawowar ta fi wuya. Ga shi sukarinta ya hau, jininta ma ya hau."

"To a rubuta mata magani."

"Zan rubuta na jinin da na sukarin. Na ƙafa babu shi a kanti." Ta juyo wajen Parjilah ta sassauta murya. "Mbah, yau ba zan sa hannu ba. Ki dawo ƙarshen watan gobe. Ki motsa kullum, ki fara da kaɗan, ki riƙa ƙarawa a hankali. In kika ji ciwon ƙirji ko jiri, ki tsaya ki zo nan. Jikin da ya taɓa sanin aiki yana saurin tunawa, amma sai an tuna masa."

"In na dawo ban iya ba fa?"

"Sai a mayar da sunanki baɗi, in Allah ya kai mu."

Parjilah ta ji wannan "in Allah ya kai mu" yadda tsofaffi ke jin sa. Mata nawa ta sani da aka ce musu baɗi, baɗin ta zo ta tarar an yi musu addu'ar arba'in.

Suka kama hanyar gida a mota har suka wuce gadar kogi. Sanyin na'ura na kaɗa mata fuska, ƙafafunta na rawa su kaɗai a ƙarƙashin zani. Gunadi yana tuƙi da hannu biyu, yana satar kallonta.

"Mbok, kar ki sa damuwa. Na san wani a ofishin alhazai. Za a iya sa ki cikin waɗanda ake turawa a keken guragu. Akwai samari a can, aikinsu ke nan. Kina zaune za a yi miki ɗawafi, a yi miki Safa da Marwa, ko gumi ba za ki yi ba."

"A tura ni."

"Mutane da yawa haka suke yi, kuma hajjinsu ya yi."

"Na sani. Wanda Allah ya ɗauke wa ƙafa, a tura shi, ladansa cikakke. Ni wa ya ɗauke mini tawa?"

"Mbok..."

"Ranka ya daɗe, tambaya na yi."

Gunadi ya mayar da ido kan titi. Tun yana yaro ya san cewa in uwarsa ta fara girmama shi, to gara a ce zagi take yi.

"Shekara arba'in ina ɗaukar kayan mutane," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, don ita ba ta iya ihu ba ko a fushi. "Duk buhun da na hau da shi ina cewa a raina, ƙafafun nan wata rana za su zagaya ɗakin Allah. Ba ni da gwal, ba ni da karatu, addu'o'in ma Lastri ke maimaita mini ina mantawa. Abu ɗaya nake da shi da zan kai can in nuna. Shi ne ranka ya daɗe ya sa a kujera ya ɗura masa shayi. Yanzu kuma in je gaban Ka'aba a matsayin kaya, wani yaro na tura ni yana duba agogo."

"Don alheri na yi."

"Na sani. Shi ya sa ban san inda zan kai ƙara ba."

Cunkoson motoci ya tsayar da su daidai kwanar kasuwa, tsakanin wata motar kabeji da masu keken fasinja. Warin albasa da danshin kwata ya shigo ta wani wuri. Parjilah ta lalubi marfin ƙofa. Ba ta taɓa iya buɗe shi da kanta ba, amma yau ya buɗu.

"Mbok, ina za ki? Mbok, ba wurin tsayawa a nan."

Ta rufe masa ƙofa ta ratsa tsakanin babura, masu hon na yi, ita ko a jikinta.

Matan goyo suna inda suke kullum, a gindin matakalar baya, zaune a kan kwandunansu da aka kifa, suna cin shinkafa a ganyen ayaba. Saminem ce ta fara ganin ta. Tare suka zo daga ƙauye a bayan motar rogo, tare suka tsufa a gindin benen nan, kuma bakin Saminem bai tsufa ba.

"A'a, wa nake gani? Hajiya tun ba a je ba? Ku share mata wuri kar ta ɗauki ƙura." Ta taso tana zagaya ta. "Ji kumatu. Yu Par, ke ake kiwo ko akuyar layya?"

Matan suka kwashe da dariya. Parjilah ba ta yi ba.

"Ara mini zaninki na biyu."

"Me ya faru?"

"Ba ni zani, Sam, bar surutu."

Saminem ta dube ta da kyau, ta ga lambar asibiti har yanzu manne a ƙirjinta, ta ga ciyawa a bayan zani. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta zaro zanin daga cikin kwandonta ta miƙa mata, da kwandon gaba ɗaya.

Motar albasa na sauke kaya a bakin ƙofa. Mai albasar, Pak Wiryo, ya san bayan Parjilah fiye da fuskarta, ya cika mata kwando yadda ya saba, har da tozo. Ta juya masa baya ta tsuguna. Hannuwanta ba su manta komai ba: ta zagaya zanin ƙarƙashin kwando, ta ɗauko shi ta kafaɗar dama, ta ƙulle a ƙirji da ja ɗaya. Ta yi bisimilla, ta sunkuya gaba, ta yunƙura.

Kwandon bai san ana yi ba.

Ta gyara tsayuwar ƙafa ta sake yunƙurawa. Ya ɗaga kamar faɗin hannu, cinyoyinta suka kama kyarma, ta koma daɓas a kan siminti. Albasa biyu-uku suka gangara. Babu wadda ta yi dariya a cikin matan. Kowace ta mayar da ido kan shinkafarta, Pak Wiryo ya ƙirƙiri wani aiki a bayan mota. Da sun yi dariya da ta sami wanda za ta zaga. Kunya da baƙin ciki suka taru mata, ta ji kamar ta kama cinyoyin nan ta yi ta duka.

Saminem ta tsuguna a bayanta ta fara kwashe albasa tana mayarwa buhu. Ta kwasa, ta kwasa, har sai da gindin kwando ya kusa bayyana.

"Ya isa. Wannan ai kayan yara ne," in ji Parjilah.

"To yau ke mece ce? Kin manta makonmu na farko? Rabin wannan aka ba mu, muka kwana muna kuka da cinya, kina cewa gobe za ki koma gida." Ta ƙara cire hannu ɗaya. "Jiki bai san sanayya ba, Yu Par. Ba ruwansa da cewa ke ce Parjilah. Yau wannan, jibi a ƙara kaɗan. In kika ce za ki yi masa fin ƙarfi, asibiti za mu kai ki, ba Makka ba."

"Yaushe kika zama likita?"

"Tun ranar da kika zama akuya. Tashi."

Ta tashi. Ko wannan ɗin sai da ta dafa gwiwa. Zanin ya ciji kafaɗar da ta yi laushi, ta ji zafinsa har cikin ƙashi. Ta juya za ta nufi matakala ke nan ta gan shi tsaye a gabanta, kaki ya jiƙe a hammata, takalmin ofis ya taka ruɓaɓɓen kabeji. Ko ina ya yar da motar, oho.

"Mbok, don Allah ki sauke. Mutane na kallo."

"Su kalla. A gaban idon nan nasu na goyi albasar da ta kai ka makaranta, ba su makance ba. Matsa."

"Ba zan matsa ba."

"To faɗi gaskiya yau, kowa ya ji. Kunya kake ji. Uwar ma'aikacin gunduma tana goyon kaya. Makka dai ka fake da ita."

Gunadi ya dubi matan, ya dubi Pak Wiryo, ya dubi ƙasa. Da ya yi magana, sai da ta matso kafin ta ji.

"Na fake da ita. Amma ba kunya ba ce." Ya nuna wani lungu a ƙarƙashin matakalar, inda yanzu ake tara kwalaye. "Nan aka shimfiɗe Bapak, mahaifina, ranar da ya faɗi da buhu a kai. Da buhun shinkafa aka rufe masa fuska. Ke kina sama da kaya, ni aka kira daga aji. Tun daga ranar, duk wayar da ta yi ƙara ina ofis sai gabana ya faɗi. Sau nawa na roƙe ki ki daina, kina ce mini in tafi in ba ki wuri? Da sunanki ya fito, na ce yau na sami dalilin da ba za ki iya ƙi ba."

Parjilah ta tsaya da kaya a baya. Ba ta taɓa sanin shi aka fara kira kan gawar ba. Ba ta taɓa tambaya ba, washegarin addu'ar uku ta dawo aiki. Tausayinsa ya taso mata, ya haɗu da fushin, amma bai kashe shi ba. Sai ma ta ji fushin ya ƙara nauyi, don yanzu ta san wata shida ana shayar da ita tsoron wani a kofin shayi.

"Le," ta ce. Rabon da ta kira shi haka, sunan da ake kiran ɗa namiji ƙarami, tun kafin ya yi aure. "Ubanka ranarsa ce ta zo, ta same shi a tsaye. Tawa in ta zo za ta same ni ko a kujerar Lastri ne. Tsoronka ya kusa cinye mini abin da na jira shekara goma. Ban ce ka daina tsoro ba. Amma ba za ka ƙara yin sa da ƙafafuna ba."

"In kika faɗi fa?"

"In faɗuwata kake tsoro, bi bayana. Amma ka ji da kyau: in ka taɓa kwandon nan, ban yafe ba."

Ta ratsa ta gefensa ta ɗora ƙafa a matakala. Siminti ne da ƙafafun mata suka goge har ya yi santsi a tsakiya. Ta kama ƙarfen gefe, abin da a da take yi wa sababbin shiga dariya a kai. Cinyar dama ta ɗauka, ta hagu ta bi tana rawa. Zafin da ya taso ba irin na filin asibiti ba ne, ko kuwa shi ne, ita ce dai ta daina jin tsoronsa. Masu saukowa suna raɓewa, wasu na gaishe ta, wasu na kallon abin da ke bayanta.

Ba ta waiwaya ba, amma tana jin ƙarar takalmin ofis, taki ɗaya a bayan nata. Wata mai goyon barkono ta sauko da sauri ta ce, "Pak, a ba da hanya," ya manne da bango ya ba ta. Daga ƙasa Saminem ta ɗaga murya.

"Pak Gun, buɗe hannu da kyau, Hajiyar ta yi nauyi yanzu."

Wannan karon matan suka yi dariya.

A inda matakalar ta karya kwana Parjilah ta tsaya, ta jingina goshi da bango, tana shaƙar iska da baki. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Ta saurari ƙirjinta kamar yadda likita ta ce. Bugu ne kawai, babu ciwo.

"Mu huta, Mbok?"

"Hutun da ka yi mini bai isa ba?"

Ta ɗago goshi daga bangon ta ƙara da cewa:

"Gobe da asuba za ka kawo ni. Jibi ma, har ƙarshen watan gobe. Kuma ka gaya wa Lastri ta fito mini da tsintsiyata."

"Ofis fa?"

"Ka san yadda za ka yi."

Ta ji ya ja numfashi a bayanta, ya sake shi. Da ta ɗan karkata ido ta ga hannuwansa biyu a buɗe a ƙarƙashin kwandon, kusa ƙwarai, ba su taɓa ba. Ba ta huce ba, kuma ta ga gara kar ta huce tukuna, don a yanzu fushin ne ke ɗaga mata ƙafa. Ta gyara ƙullin zani a ƙirji ta ci gaba da hawa.